Yoyon da Merv Ya Ɓoye

A bayan garejin jiragen ƙasa na garin akwai wani guntun layi da ciyawa ta cinye, direbobi na ce masa layin matattu. Duk kan jirgin da ya cika laulayi can ake tura shi, a riƙa ɓalle kayan cikinsa ana ɗinke sauran. Kamfanin da ke jan alkama a yankin Mallee ba ya sayen sabo.

Merv Tregear ya tsufa yana tuƙa kan jirgi guda mai shan dizil, wanda ya girme 'ya'yansa duka. Tsohuwa yake ce mata. Ya san tana yoyo: in ta kwana a kashe, ruwan sanyaya inji yakan tsiyaya cikin silinda ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, don ya san inda maganar za ta kai ta. Kowace safiya sai ya buɗe 'yan famfunan gefen inji, ya juya shi a hankali har ruwan ya feso, sannan ya tayar, don in an tayar da ruwa a silinda inji kan karye. Doka ce ta dā, amma sauran direbobi sun daɗe da yar da ita.

Des Pohlner, abokin aikinsa, yakan tsaya da kofin shayi yana kallo. "Tsoho, ka aure ta mana mu ci biki. Ko matarka ba ta samun wannan lallashi."

Ana tsakiyar girbi, rumbuna sun cika, aka kira Merv birni gwajin lafiyar direbobi, aka ba Des Tsohuwa. Merv ya buɗe baki zai faɗa masa, sai ga shugaban gareji tsaye kusa. Sai Merv ya ce wa Des kawai ya lallaɓa masa ita. A hanya ya yi niyyar buga waya, sai ya ce a ransa kwana ɗaya ne, ruwan ba zai taru ba.

Ya taru. Des yana sauri, manoma na jira, ya danna ya tayar. Ƙarar da ta yi har a gidan burodi an ji ta. Sandar inji ta karye, ta huda gefe ta leƙo.

Da aka yi bincike aka ce Des bai buɗe famfuna ba, aka sauke shi daga tuƙi. Ya ga tsatsar da ke cikin silindar da idonsa, ya gane yoyon ba na jiya ba ne, amma ya yi shiru. A wajensu direba ba ya kai ƙarar direba. Tsohuwa kuwa aka tura ta cikin ciyawa, kafin mako ya zagayo an kwashe fitilunta.

Merv ya dawo, likita ya ce garau yake. A bakin ƙofa ya haɗu da Des ɗauke da jakarsa.

"Tun yaushe take yoyo?" in ji Des.

"Tun girbin bara."

"Da ka gaya min, ai da na buɗe. Ka ɗauka ni ne zan kai ta ƙara?"

Des ya wuce da jakarsa. Aka ba Merv kan jirgin Des ya ci gaba da aiki.

Yanzu Des babbar mota yake ja, ita ma alkama take ɗauka. Sukan haɗu a mararrabar titi da layin dogo, motar na tsaye tana jiran taragai su wuce. Merv yakan ɗaga hannu. Des yakan dubi gabansa.