Amawalin Oumarou

Ni na sa Oumarou ya sauke amawalinsa, kuma har gobe kunyar abin ba ta sake ni ba.

A 1978 ni ne shugaban masu yanka a wata masana'antar kwanon rufi na asbesto, can wajen Ikeja. Haifaffen Agege ne ni, Yarbanci a bakina kamar ruwa, ga ɗan banzan girman kai. Oumarou kuwa sabon zuwa ne daga Tawa ta Nijar. Kullum sai ya ja gefen rawaninsa ya yi amawali, ya rufe hanci da baki kafin ya taɓa injin yankan kwanon, mu kuma muna shaƙar farar ƙurar da injin ke tayarwa muna yi masa dariya. Na laƙaba masa suna Amarya, sunan ya bi shi har masallaci. Wata uku ya daure. Ran nan sai ga shi da fuska a buɗe, na sa aka yi masa tafi. Haka ya yi shekara goma sha biyar a gaban injin.

Bara, 2001, matarsa Zeinabou ta yi sallama a ƙofar gidana. "Malam Audi, numfashin maigida ya ƙi. Likitan ba ya jin Hausa, ka taimaka ka yi mana tafinta."

Danfo, ƙaramar motar haya, muka shiga mu uku. Matakala shida ce a asibitin, sai da Oumarou ya huta sau biyu. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna mana. Ƙurar ta yi wa huhu tabo, ba ta fita, magani sai dai na rage wahala. Sannan ya tambaya da Yarbanci ko yana rufe hanci a wurin aiki.

Na so in haɗiye tambayar, amma Zeinabou bakina take kallo. Dole na mayar da ita Hausa.

Oumarou ya daɗe yana tara iska. "Da farko ina rufewa," ya ce. Sai ya dube ni. "Oga Audi, gaya masa zafin Ikko ne ya dame ni, na cire don kaina."

Ban san ko ƙyallen zai cece shi ba, amma na san wanda ya raba shi da shi. Ni kaɗai ke jin harsunan biyu a ɗakin, ba mai hana ni faɗin gaskiya.

Na juya wajen likita, na ce masa da Yarbancina mai kyau zafi ne ya dame shi. Ya rubuta.