Gidan Gonar Inna Baraka

A shekarar da soja suka koma bariki suka miƙa wa farar hula mulki, aka yi wa Alhaji Nu'uman ritaya. Ba laifi ya yi ba. Sabuwar gwamnati ce ta zo da mutanenta, aka ce waɗanda suka daɗe a aiki su huta. Gidan gwamnatin da yake zaune a GRA ta Katsina ma aka ce ya fita, akwai wanda za a ba. Nasa gidan da ya fara ginawa a Kambarawa kuwa ko rufi ba a yi masa ba. Don haka a tsakiyar damina, gero ya wuce gwiwa, babbar mota ta kwashe shi da matarsa Hajiya Sa'adiya da 'yan matansu biyu, Nafisa da Ramla, ta sauke su a gidan gonar mahaifinsa da ke bayan gari.

Gidan ba kango ba ne, cike yake da mutane. Inna Baraka, mahaifiyar Alhaji, tun da mijinta ya rasu ta ƙi komawa cikin gari. Yero, Bafulatanin da ke kiwon shanun gidan, yana zaune a sashe guda da matarsa Habiba. Kullum 'yan ƙodago na shiga suna fita, ana dafa musu abinci ana kai musu gona. Sai dai an daɗe ba wanda ya tsaya ya dubi gidan kansa. Zaure ya zama wurin ajiye buhunan taki. Fartanyu da garmar shanu a zube a tsakar gida. Awaki a rumfar girki suke kwana. In an yi ruwa ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta ya zama taɓo, sauro ya samu wurin zama.

Aka jibge kujerun GRA a gindin bedi aka lulluɓe su da tamfol. Inna Baraka ta tsaya ta dafa sandarta tana kallo.

"Yo waɗannan ina za su shiga?" ta ce. "Ke Sa'adiya, nan fa ba inda kuka saba ba ne. Za ki iya kuwa?"

"Za mu iya da yardar Allah, Inna," in ji Sa'adiya.

Alhaji kuwa ya juya ya fice ƙofar gida. Daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a da ta dami matarsa. Da ya karya kumallo sai ya sa babbar riga kamar mai tafiya ofis, ya je ya shige tsohuwar fijo ɗinsa da ke fake a ƙofar gida, ya kunna rediyo yana jin sunayen waɗanda aka yi wa sababbin naɗe-naɗe. Ba ya fita sai sallah ta kira shi. In ya hango baƙo tafe, sai ya shige gida ya ce a ce yana barci.

Sa'adiya ta ga in ta tsaya lallashinsa, damina za ta cinye musu kaya. Ita haihuwar Ƙofar 'Yandaka ce, a babban gida ta tashi inda mata ke daɓe ɗakunansu da hannunsu. Zaman GRA ya tausasa mata tafin hannu, amma bai sa ta manta ba. Wata safiya ta cire awarwaronta, ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale, ta ɗauki fartanya ta fara haƙa lambatu daga tsakar gida zuwa bayan katanga. Habiba ta leƙo daga sashensu, ta ga Hajiya tsamo-tsamo cikin taɓo, ta riƙe baki.

"Hajiya, ke da kanki? Kawo in karɓa miki."

"A'a, ɗauko wata dai ki kama daga can ƙarshen, mu haɗu a tsakiya."

Kafin azahar ruwan da ya kwanta ya bi hanya ya fice. Hannun Sa'adiya ya yi bororo, wani ma ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Nafisa da Ramla da suka fara da yatsina fuska, da suka ga uwarsu a haka sai kunya ta kama su, suka ɗauki kwanon sarki suna jido yashi daga bakin rafi suna zubawa a inda ke santsi.

Daga nan aiki ya kama. Sa'adiya ta roƙi Yero ya saro itace, aka kafa wa awaki rumfarsu a bayan gida kusa da shanu. Aka wanke rumfar girki, aka gyara murhu, aka kafa wani na biyu don tukunyar 'yan ƙodago, don kada abincinsu da na gida su riƙa jiran juna. Buhunan taki aka fitar da su daga zaure aka jera a kan katakai cikin wani ɗaki da ba ya yoyo. Ta sa aka buga ƙusoshi a jikin bango, kowace fartanya da lauje suka samu wurin rataya, ta ce wa 'yan ƙodago duk wanda ya ɗauka da safe ya mayar da yamma. Da farko sun yi ta gunaguni, amma da suka ga sun daina ɓata safiya wajen neman kayan aiki, su da kansu suka riƙa tsawata wa wanda ya yar.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Akwai wani soro babba a gabashin gidan, ɗakin marigayi Malam, mahaifin Alhaji. Tun rasuwarsa yake kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanen Inna. Shi ne ɗakin da ya fi kowanne faɗi, amma Sa'adiya ba ta nemi a ba ta shi ba. Ta dai je ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ki bar ni in share ɗakin Malam. Ba zan taɓa komai ba, gara ce nike tsoro."

Inna ta daɗe tana dubanta, sannan ta kwance makullin. Suka shiga tare. Buzun sallarsa na nan a shimfiɗe, da butarsa, da tuluna a jere cike da irin gero da na dawa da ya riƙa ajiyewa. Sa'adiya ta kakkaɓe yana, ta fitar da buzun ta shanya, ta goge tulunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da kowanne inda ta same shi. Inna na zaune a bakin ƙofa tana ba ta labarin kowane iri da gonar da aka samo shi. Da suka gama ta karɓi makullinta ta sake kullewa.

Ba a daɗe ba, wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gida lafiya lau, lambatu na ta aikinsa. Amma Sa'adiya da ke tsaye a ƙofar rumfa ta lura indararon soron Malam ba ya zubar da ko ɗigo. Ciyawa ta tsiro a kan rufin ta toshe shi, ruwa na taruwa a sama. Rufin ƙasa ne, in ya sha ya ƙoshi zai rufto. Yero yana daji da shanu, 'yan ƙodago sun fake a bukkar gona. Ta fita da gudu cikin ruwan, ta je ta buga gilashin mota.

"Alhaji! Soron Malam zai faɗi, indararo ya toshe!"

Ya dube ta, jiƙe sharkaf, hannu ɗaure da tsumma. Ya kashe rediyon. Ya tuɓe babbar rigarsa ya jefa a kujera, ya naɗe ƙafar wando, ya bi ta. Suka ɗauko tsani tare, ta riƙe masa ya hau. Yana sama yana cizge ciyawa da hannu, yana zura sanda cikin indararon, Inna na ƙasa tana salati tana cewa ya yi a hankali. Can sai ruwan ya ɓalle, jajawur da ƙasa, ya zubo da ƙarfi har ya fantsama wa Sa'adiya a fuska. Su Nafisa suka sa ihu suna tafi.

Alhaji bai sauko nan da nan ba. Ya tsaya a kan soron, ruwa na dukansa, yana duban gidan daga sama: rumfar awaki, lambatu, yashin da aka shimfiɗa, da gonar gero da ta yi kore shar har bakin rafi. Da ya sauko ya ce da matarsa, "Duk wannan yaushe aka yi shi?"

"Kana mota," ta ce.

Ya yi dariya har da riƙe tsani, dariyar da ba a ji daga bakinsa ba tun da suka bar GRA.

Washegari da rana ta fito, shi ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, shi da Yero suka sake yaɓe rufin suka liƙe duk wata tsaga. Bayan nan ya koma zaure, ya kankare bango, aka shafa farar ƙasa. Sa'adiya ta gayyato matan maƙwabta aka yi daɓe, suna bugawa suna waƙa, Inna na gefe tana gyara musu baitin da suka ɓata. Ranar da daɓen ya bushe, Inna ta kira ɗanta ta miƙa masa makullin soro.

"Karɓi, ka koma ɗakin mahaifinka. Tulunan iri kuma Sa'adiya na ba, ita za ta san abin da za ta yi da su."

Sa'adiya ta sunkuyar da kai, hawaye ya cika mata ido. Ta san Inna ba ta taɓa barin kowa ya ɗaga ko murfin tulunan nan ba.

Masara ta fara nuna lokacin da wasu tsofaffin abokan aikin Alhaji su uku suka zo daga cikin gari. Jaje suka zo yi masa, don labari ya kai musu cewa ya koma ƙauye ya shiga wani hali. Suka tarar da zaure fari fes, an jera kujeru an shimfiɗa darduma. Alhaji ya shigo daga gona da malafa a kai da ƙasa a ƙafa, bai ko tsaya canza riga ba. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka tambayi jikin Inna. Babban cikinsu, Alhaji Usman, ya fara cewa sai haƙuri, haka rayuwa take, amma maganar ta ƙi zama, don mai gidan ya riga ya miƙe yana cewa su zo su ga gida.

Ya zagaya da su ko'ina, har wurin shanu. Alhaji Usman ya ce, "Kai, wane ɗan kwangila ka samu haka cikin damina?"

"Mai ɗakina ce," in ji Alhaji Nu'uman, da murya mai ƙarfi yadda za a ji daga ciki. "Ita ta tsara, ita ta fara da hannunta. Ni daga baya na shigo."

Sa'adiya na rumfar girki tana gasa musu masara, ta ji shi sarai. Habiba ta zungure ta da gwiwar hannu, ita kuwa ta ci gaba da fifita wuta tana murmushi.

Baƙin suka tafi da but ɗin mota cike da ɗanyar masara da ƙwaryar nono. Da kaka ta yi aka cika rumbuna, har aka samu abin rufe ginin Kambarawa. Amma da aka gama shi, Alhaji da Sa'adiya suka yi shawara suka sa 'yan haya, su kuma suka ci gaba da zamansu tare da Inna.