Rigar Aikin Babba

Allurar keken ɗinkin tana tsakiyar hannun riga wayar ta sake yin ƙara. Amarya ta ɗauke ƙafa daga keken, ta duba. Auta ce, ƙanwar mijinta, wadda ke zaune da mahaifiyarsu, Inna, a asibiti.

"Anti, sun kunna," in ji Auta ƙasa-ƙasa.

"Sun kunna me?"

"Tashar. An fara bikin ba da kyautar. Inna ta ga fuskarsa a talla, ta ce a tayar da ita zaune."

"Ba tun safe na ce ki roƙi nas kada a kunna ba?"

"Na roƙa, Anti. Nas ɗin safe ta tashi. Wata mata ce mai jinyar 'yarta ta riƙe rimot, ta ce wai talabijin ɗin ba na gidanmu ba ne."

Amarya ta kashe wayar. Ta miƙe, zare ya biyo gefen zaninta, ta fizge shi. Mai rigar da ke zaune a benci tun azahar ta buɗe baki za ta yi magana, Amarya ta ce ta yi haƙuri ta dawo gobe. Ko kwaɗo ba ta tsaya sawa ba, ta ce wa mai shagon takalma na kusa ya duba mata ƙofa, ta nufi bakin titi.

Motar da ta samu ta cika maƙil. Kwandasta ya tura ta tsakanin wani mai buhu da wata mai goyo, ta zauna da rabin jiki. Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso, direba ya kashe inji ya jingina abinsa kamar a ɗakinsa yake.

Amarya dai ba amarya ba ce. Ta haura shekara goma a gidan, amma sunan da Inna ta sa mata ke nan ranar da ta shigo, ya bi ta har shago. Mijinta, Babba, mai gyaran wuta ne a masana'antar robobi. Ranar da gobara ta tashi yana cikin waɗanda suka fara fita. Ya ji mata masu aikin shirya kaya suna dukan ƙofar baya da aka ɗaure da sarƙa, ya ɗauki almakashin ƙarfe ya koma. Matan sun fito, shi bai fito ba.

Bayan wata biyu Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta farfaɗo bakinta ya dawo, kunnenta ras, amma mutuwar Babba ta goge daga kanta. Ta tambaya yana ina, suka faɗa mata gaskiya, ta suma. Da ta tashi ta sake tambaya. Suka sake faɗa, aka kwana da ita a ɗakin gaggawa. Likita ya tara su a baranda ya ce zuciyar tsohuwar nan ba za ta ɗauki na uku ba, su san abin da za su riƙa ce mata. Tun daga ranar Babba ya zama mai aiki a nesa.

Sai ga masu shirya wasan talabijin. Suka zo shago da ladabinsu da ruwan roba a hannu, suka ce suna so duniya ta san abin da Babba ya yi, tunda masu masana'anta sun ce ma'aikata ne suka jawo wa kansu. Wannan maganar ce ta kama ta. Ta zauna da ɗan wasan da zai fito a matsayinsa, dogo baƙi kamar Babba, ta koya masa yadda yake jan ƙafar dama tun faɗowar da ya yi daga tsani, da yadda yake jan kunnensa na hagu kafin ya yi magana. Har rigar aikinsa ta biyu ta ba su, shuɗiya, mai facin da ita ta ɗinka a gwiwar hannu. Sun ce aro ne. Har yau ba ta ga rigarta ba.

Ba ta taɓa kawo Inna a lissafi ba, kuma wannan ne yake cin ta. Ranar da aka fara nuna wasan tsohuwar ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Au, ashe aikin da ya samu ke nan. Shi ne ba ku faɗa mini ba?" Daga nan kowane mako sai an kunna mata ta ga ɗanta, ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Kashi na ƙarshe ne kawai suka hana ta gani, Auta ta cire fis ɗin mita suka ce an ɗauke wuta.

Shekaranjiya mai shirin ya kira ta, muryarsa fal murna. Wasan ya shiga takarar kyautar shekara, ya tanadar mata kujera a sahun gaba. Ya ce kafin a faɗi wanda ya ci za a nuna wurin ƙofar nan, wanda ya sa kowa kuka. Ta ce masa tana da jinya, ta kashe wayar.

"Direba, don Allah babu wata hanya?" ta ce.

"Sai dai in kin zo da fiffike, Hajiya."

Wani ya yi dariya. A kujerar gaba wani saurayi ya kunna bikin a wayarsa, tana jin tafi da kiɗa. Ta buga jikin motar, ta miƙa wa kwandasta kuɗinsa, ta sauka a tsakiyar titi. Sauran tafiyar da ƙafa ta yi ta, tana ratsa motoci, takalminta ɗaya yana sulluɓewa.

Ɗakin mata na asibitin dogo ne, gadaje sahu biyu, warin maganin wanke ƙasa ya cika shi. Talabijin ɗin yana can sama jikin bango cikin kejin ƙarfe, soket ɗinsa ma a cikin kejin yake. Duk mai iya zama ta zauna, masu jinya sun jawo kujeru. An jingina Inna da matasai, robar ƙarin ruwa a hannunta mai motsi, fuskarta sai annuri.

"Amarya, kin zo a daidai," in ji ta. "Mijinki za a ba kyauta, ke kina can kina ɗinkin mutane."

"Sannu Inna. Ya jikin?"

"Wane jiki? Matsa, kin tare mini."

Auta na tsaye a kan gadon, idonta ya yi ja. Ta nuna da haɓa. Matar mai rimot tana gado na gaba, ƙatuwa, ta ɗora rimot ɗin a cinya ta dafe shi da hannu. Tsakanin gadon 'yarta da na Inna bai wuce taku ɗaya ba, kuma Inna, duk abin da ta rasa, ba ta rasa kunne ba.

Amarya ta durƙusa kusa da matar. "Baiwar Allah, don girman Allah ki canza tashar."

"Ikon Allah. Ke ma?" Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Ɗaki guda muna kallo, ku biyu kun fi kowa? Ga tsohuwar taku ma tana so."

"Zo waje in faɗa miki dalili."

"Faɗa a nan. Ni ba na tashi, yanzu za a zo kan jarumai."

"Kada wadda ta taɓa mini tashar nan," in ji Inna daga bayansu. "Rannan ma zan ga yaron nan kuka ce an ɗauke wuta. Yau ga wuta."

Amarya ta leƙa teburin nas, babu kowa sai kofin shayi. Ta dubi kejin, ko ta hau kujera hannunta ba zai shiga ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, gumi na bin bayanta, ta rasa inda za ta sa kanta. In an kashe, Inna za ta tayar da hankalinta. In an bari, za ta ga abin da suka shekara suna ɓoyewa. Tana cikin haka fitilun zauren bikin suka dushe a allon, mai gabatarwa ta ce a kalli wannan.

Hayaƙi ya cika allon. Ga shuɗiyar rigar, ga facin a gwiwar hannu. Yana gudu yana jan ƙafar dama, almakashin ƙarfe a hannunsa, mata suna ihu a bayan ƙofa.

"Me ya kai shi nan?" in ji Inna. "Amarya, wuta ce fa."

Amarya ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunta. Hannun ya yi sanyi, jijiyar wuyan hannun tana bugawa da sauri ƙarƙashin yatsunta.

"Wasa ne, Inna. Aikinsu ne."

"Babba, fito. Kai, fito mana."

Sarƙa ta tsinke, matan suka yi waje suna tari. Ya juya zai bi su, ƙafar ta riƙe shi. Rufin ya rufto. Allon ya yi baƙi, aka bar ƙarar wuta kaɗai.

Inna ba ta yi ihu ba. Bakinta ya buɗe, numfashinta ya riƙa fita guntu-guntu, farcenta ya nutse a hannun Amarya. Auta ta kwasa da gudu neman nas. Matar mai rimot ta juyo ta dubi tsohuwar, ta dubi Amarya, ta sake duban allon.

"Ɗanta ne?" ta tambaya da leɓe kawai, babu murya.

Amarya ta ɗaga kai. Ta yi nuni da allon, ta girgiza kai, ta taɓa goshinta ta nuna Inna. Ba ta san ko matar ta gane ba.

Tafi ya ɓarke a talabijin. Fitilu suka dawo, aka buɗe ambulan, aka kira suna. Kyamara ta sauka a kan wani dogon mutum cikin baƙar kwat, ya rufe fuska da hannu biyu, na kusa da shi suna bubbuga kafaɗarsa. Ya miƙe ya nufi dandamali, yana taka matakala bibbiyu.

Farcen Inna ya saki. Ta ja dogon numfashi, ta sake ja.

"Ya fito," ta ce. "Amarya, kin gani? Ya fito. Alhamdu lillahi." Ta ƙura ido. "Ke, dubi tafiyarsa. Har ƙafar ta warke."

Ɗan wasan ya karɓi kyautar, wani abu mai ƙyalli kamar kwalba, ya tsaya gaban abin magana. Ya ɗaga hannu ya ja kunnensa na hagu. Ita ta koya masa, a kan bencin shagonta, amma sai da ta runtse ido.

"Wannan kyauta ba tawa ba ce," ya ce. "Ta wani bawan Allah ce da ban taɓa gani ba. Ina so in ambaci mariga..."

Sautin ya ɗauke. Bakinsa yana motsi, idonsa ya kawo ruwa, amma ba a jin komai. Matar mai rimot tana zaune yadda take, babban yatsanta a kan maɓalli.

"Kai, wannan talabijin ɗin," ta ce da ƙarfi, ta yi tsaki. "Tun jiya yake wannan iskancin."

Wata daga ƙarshen ɗaki ta fara ƙorafi, matar ta juya ta watsa mata wani kallo, ta yi shiru.

"Me yake cewa?" in ji Inna. "Amarya, ke kin san bakinsa. Me yake cewa?"

A allon ɗan wasan ya ɗaga kyautar sama, mutanen zauren suna miƙewa tsaye sahu bayan sahu, wasu na share hawaye. Kyamara ta wuce ta kan wata kujera a sahun gaba da babu kowa a kai.

"Yana gaishe ki," in ji Amarya. "Ya ce ki riƙa shan maganinki, ki daina yi wa nas gardama."

"Ji ɗan nema. A gaban mutane?" Inna ta yi 'yar dariya, rabin bakinta ya motsa. "Ke fa, bai ce komai a kanki ba?"

"Ya ce... ya ce in kula da ke."

"Shi ke nan? Maza ke nan. Bari ya dawo."

Nas ta shigo da sauri, Auta a bayanta. Ta naɗa abin awo a hannun Inna, ta matsa, ta tsaya tana kallon allurar abin awon. Ta ce ya hau sosai amma yana sauka, a kwantar da ita, kuma wa ya ce a tayar da ita zaune tun farko? Matar mai rimot ta canza tasha zuwa wasan yara, ta tura rimot ɗin ƙarƙashin matashin 'yarta.

Suka zare matasan suka kwantar da Inna. Idonta ya fara lumshewa, amma ba ta saki hannun Amarya ba.

"Ke kuma kukan me kike yi? Mijinki ya ci kyauta."

"Murna ce, Inna."

"To share fuskarki." Ta rufe ido har Amarya ta ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta sake buɗe ido. "In ya dawo ki karɓi shuɗiyar rigar nan ki wanke masa. Duk ta sha hayaƙi."

Amarya ta gyara mata bargo, ta soke gefensa ƙarƙashin katifa.

"To, Inna," ta ce. "Zan karɓo ta."