Gem ɗin da Ya Ƙone Hannun Ummi

Hindatu ta dangwarar da abin a kan kantar shagon, har kwalayen da ke jere a gefe suka girgiza. Gem ɗin hannu ne na wasan yara, ja, bayansa ya narke, batirin ya kumburo ya tsage robar.

"Ka gane shi?" ta ce.

Mai shagon, Falalu, ya ɗago kai daga wayarsa, ya dubi gem ɗin, ya dube ta. "Hajiya, kaya in ya fita ya fita. Ƙila cajar da ba tasa ba aka sa masa."

"Cajar da ke cikin kwalinsa na sa. Kuma ba a jikin wuta ya yi haka ba, a hannun 'yata ya yi."

Hindatu malamar firamare ce a Miga. Ciwon sikila ne ya kawo su Dutse, aka kwantar da 'yarta Ummi a asibiti. Idan ciwon ƙashin ya taso, yarinyar ba ta kuka da ƙarfi, sai dai ta cije gefen zane tana nishi. Don ta ɗauke mata hankali ne Hindatu ta shigo kasuwa farkon mako, Falalu ya ɗauko mata wannan, ya rantse cewa wasa ɗari biyar ne a ciki kuma har yaran Alhazawa shi suke saye. Da safen nan ta fita ɗebo ruwan zafi, ta dawo ta tarar ɗakin na warin ƙonanniyar roba, nas tana zuba wa Ummi ruwa a tafin hannu. Hannun hagu dama allurar ƙarin ruwa ce a jiki. Yanzu na dama ma an naɗe shi da bandeji.

"Allah ya ba ta lafiya," Falalu ya ce, ya miƙa hannu ya zaro wani kwalin. "Don dai ke ce, ga wani. Shuɗi ne ma, ya fi kyau."

Hindatu ta tsaya tana kallonsa.

"Wato in kai mata ya ƙarasa ɗaya hannun?"

Wani mutum da ke duba batura a ƙarshen kantar ya matso. Dogo ne, da katin aiki rataye a wuya. Ya ce sunansa Seth, a sakatariya yake aiki, kuma tara tsofaffin gem shi ne abin da yake so tun yana yaro a Jos.

"Malama, ba ni in gani." Ya jujjuya shi a hannu. "Na san irinsu. Ji yadda ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da aka shanye. Babu sunan kamfani, babu lamba. Wasa ɗari biyar ɗin nan ƙarya ce, 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa ana canza musu suna. Batirin kuwa na tsohuwar waya ne suke liƙawa da gam. Mu masu tarawa ko kyauta aka ba mu ba ma ajiyewa kusa da sauran."

"Ka sani, amma kake shigowa shagon nan kana fita ba ka ce komai ba?" Hindatu ta ce.

Seth ya ajiye gem ɗin a hankali. "Na taɓa faɗa masa."

"Oga Seth, ka sayi batirinka ka tafi," in ji Falalu. "Ni ba ni na ƙera ba. Daga Kano nake sarowa kamar kowa."

Hindatu ta juya masa baya. Ta ɗauki ƙonannen gem ɗin ta fita, ta tsaya daidai bakin ƙofa cikin rana. Wata mata ta zo da 'ya'yanta biyu za su shiga, Hindatu ta tare ta, ta nuna mata gem ɗin, ta nuna mata hoton hannun Ummi a waya. Matar ta ja yaranta ta juya. Wani dattijo ya zo saya wa jikansa gem, shi ma ya juya. Kafin azahar mutane sun taru, masu shagunan gefe sun fito suna leƙe.

Falalu ya fito yana huci. "Wallahi don mace ce ke. Za ki kashe min kasuwa a kan abin da Allah ya ƙaddara?"

"Ciwon 'yata Allah ne ya ƙaddara, na karɓa. Wannan kai ka saya, kai ka jera, kai ka rantse min."

Aka kira Alhaji Marwa, shugaban masu shagunan layin. Ya zo da carbi a hannu, ya saurari kowa, ya daɗe yana kallon hoton.

"Malama, ki yi haƙuri. Me kike so a yi miki?"

"Ranka ya daɗe, ni ba a yi min komai. A sauke sauran gem ɗin daga kantar shagon. Kada a ƙara sayar wa kowa."

Alhaji Marwa ya juya ga Falalu. "Ka ji. Kwashe su. Kada in sake ganin ko ɗaya a layin nan."

Falalu ya kwashe su yana ƙunƙuni, ya cusa a babban kwalin taliya, ya ɗaure da igiyar roba. Mutane suka watse suna yaba wa Alhaji. Seth ya ce zai sa hoton gem ɗin a zaurensu na masu tarawa a intanet, ya kuma ce a gaida mai jiki. Hindatu ta gyaɗa kai kawai. Sai a lokacin ta tuna ko karyawa ba ta yi ba.

Ta tsaya ta sayi ayaba da lemo, sannan ta biya ta tasha don ta ba direban garinsu saƙon kayan wanki ya kai wa mahaifiyarta. Motar Miga ta kusa cika, kwandasta na kan rufi yana ɗaure kaya. Tsakanin buhun taki da jarkar manja ta hango kwalin taliya da igiyar roba. Gefensa ya yage, jan kwali da shuɗi suna leƙowa.

"Malam, wannan na waye?"

"Saƙo ne, Malama. Yanzu aka kawo daga kasuwa. Wani mai tireda zai karɓa, wanda ke bakin makarantarku."

Wayarta ta yi ƙara. Matar gadon kusa da su ce a asibiti, ta ce Ummi ta farka tana tambayarta, likita kuma ya kusa shigowa.

"Ki ce mata ina hanya," Hindatu ta ce.

Ta kashe wayar, ta ajiye ledar ayabar a kan benci. Direba ya riga ya tayar da mota, fasinjoji na kiran a tafi. Ta taka a hankali ta zagaya gaban motar, ta tsaya, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen mai zafi.

"Sauko min da kwalin nan tukuna," ta ce.