Fayil ɗin Mahaifin Orazbek

Orazbek yana da wata huɗu a duniya jami'an gwamnati suka kama mahaifinsa suka tafi da shi, a kakar 1937. Yanzu ya haura tamanin. 'Yarsa Marzhan ce ta yi ta zirga-zirga da takardun shaida har gidan ajiyar takardun gwamnati ya ba su rana.

Ya saka kwat ɗinsa ta zuwa biki.

"Baba, ba ɗaurin aure za mu ba fa," in ji Marzhan.

"Wurin ubana za ni. Ƙyale ni."

Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ajiye musu fayil siriri, shafi goma sha ɗaya. Hoto ne a sama: saurayi da askakken kai, kunnuwa fato-fato. Orazbek bai taɓa ganin fuskar ba.

"Ashe nan muka gaji kunnuwan," in ji Marzhan. Ya yi dariya har da tari.

Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ita ke karanta masa. A shafi na huɗu ta tsaya.

"Karanta mana."

"An tambaye shi ko yana da iyali. Ya ce, 'Ba ni da kowa. Matata ta rasu, ban haihu ba.'"

Tsohon ya janye hannunsa daga kan hoton. "Ban haihu ba? To ni fa?"

Ma'aikaciyar ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Baba, na karanta irin wannan ba adadi. Wanda ya ambaci matarsa, a kan bi ta a kamo, a kai jaririn gidan marayu a canja masa suna. Duba, sau uku suka sake tambayarsa a ranaku daban-daban. Amsar ba ta canja ba."

Orazbek ya ce a sake karanta masa, duka ukun. Marzhan ta karanta.

Shafin ƙarshe ya nuna ranar da aka harbe mahaifin nasa: tara ga Disamba.

A motar komawa ƙauye yana rungume da kwafin da aka ba su. Sun yi nisa ya taɓa gwiwar 'yarsa.

"Tara ga Disamba saura mako biyar. Ki gaya wa mijinki ya ware baƙin ragon nan. A kira liman, a kira maƙwabta duka. Ba a taɓa yi masa sadaka a ranarsa ba."