Inda Delmas Ya Ce a Zuba Shi

Delmas ya rasu a tsakiyar sanyi, lokacin da bakin dam ya daskare. Wasiyya ɗaya ya bar wa matarsa Oleta. A ƙona gawarsa kamar yadda aka yi wa mahaifinsa, ita kuma ta jira sanyi ya sassauta, ta kai tokar ta zuba a wurin da yake kamun kifi, kada kowa ya san wurin.

Wurin nan tsohuwar hanyar mota ce da ruwa ya cinye tun sa'ad da aka datse kogin. Tana nan kwance a ƙasa da tsakuwarta. A kanta manyan kifin bas masu ƙaramin baki ke taruwa cikin watan Maris, matan cikinsu cike da ƙwai, suna jiran ruwa ya yi ɗumi. Delmas bai taɓa sayen na'urar neman kifi ba. Hasumiyar wani coci yake daidaitawa da wani busasshen itace a kan dutse, sai ya kashe inji, ya tsoma hannu a ruwa ya ji ko lokaci ya yi. In ya hango jirgin wani, sai ya wuce abinsa kamar bai san wurin ba. Ƙugiyarsa da kansa yake ɗaura mata gashin barewa. In ya kama uwa mai ƙwai, a cikin ruwan yake cire mata ƙugiya ya sake ta. Oleta ta sha zama a bayan jirgin cikin bargo tana kallonsa.

Injin jirgin Delmas ya riga mai shi mutuwa, ita kuma ba ta iya tuƙi ba. Shi ya sa da ƙanin mijinta Hoyt ya ce zai kai ta, ta yarda. Ta sa shi ya yi alkawarin su biyu kawai za su je. Ya dafa ƙirji, har da ƙwalla.

Ranar da ta isa bakin ruwa rungume da ɗan akwatin katako mai ɗauke da tokar, sai ta tarar da su biyu ne ban da ita. Hoyt ya zo da Wendell, abokinsa da suke shiga gasar kamun kifi tare. Sandunan fatsa kuwa jere a gaban jirgi kamar za a fita yaƙi.

"Matar Yaya, kin ga rana?" in ji Hoyt. "Ko Yaya da kansa ba zai zaɓi wadda ta fi ta ba."

"Jana'iza ka zo ko su?"

"Haba, matar Yaya. Sandunan nan a jirgi suke kwana. Wendell kuma igiya zai riƙe mini, kin san bayana."

"Bayan naka bai hana ka ɗaukar akwatin giya ba."

Wendell ya cire hula ya yi mata ta'aziyya, kumatunsa cike da taba. Yana gamawa ya tofa baƙin yawu cikin wata kwalba, ya aje ta kusa da ƙafarta. Oleta ta ɗauke akwatin tokar ta ɗora a cinya. Ta yi tunanin komawa. Amma itatuwan bakin ruwa sun fara toho, kuma ta gaji da kwana ɗaki ɗaya da alkawarin da ba ta cika ba. Ta shiga.

Ta riƙa nuna hanya da hannu, iska mai sanyi na yankar fuskarta. Da hasumiyar coci ta hau kan busasshen itacen, ta ce a tsaya. Hoyt ya kashe inji. Wuri ya yi tsit. Ta sunkuyar da kai tana neman abin da za ta ce wa mijinta, sai ta ji ɗan ƙara, ƙit. Ta ɗaga ido ta ga yatsan Hoyt yana barin allon na'urar neman kifi da ke gabansa. Wendell ya leƙa allon, bakinsa a buɗe, yana zungurar Hoyt da gwiwar hannu.

Ta tambaye shi me ya danna. Ya ce alamar wurin ce kawai ya sa a na'urar, don su riƙa zuwa ziyarar Yaya duk shekara. Kafin ta amsa ya riga ya ɗauki sanda.

"Jifa ɗaya, matar Yaya. Don girmama shi."

Ƙugiyar ta nutse a hankali. Ya ja ta bisa tsakuwa kaɗan kaɗan, sai zaren ya yi nauyi, sanda ta lanƙwashe. Kifin ya yi tsalle sama, jikinsa ruwan tagulla, ya koma. Uwa ce, irin waɗanda Delmas ke yi wa magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Wendell ya kwaso ta da raga ya zube ta a ƙasan jirgi. Hoyt ya cusa mata babban yatsa a baki ya ɗaga ta, ya ce a ɗauke shi hoto. Aka ɗauka. Ya ce hularsa ta karkace, a sake. Wendell ma ya karɓa, ya matse mata ciki, ta suɓuce ta faɗi. Ƙwai ya zubo, rawaya, ya manne a takalmin Oleta na zuwa coci. Wendell ya taka sauran bai ma sani ba.

Warin taba da ƙarnin kifi da numfashin giya suka cika jirgin.

Hoyt ya ce zai sa ta a akwatin ruwa su auna ta a kantin bakin dam, ai ranar Asabar ma irinta suke nema. Nan ya kama bakinsa. Asabar ce ranar gasa, duk garin ya sani.

"Mayar da ita ruwa," in ji Oleta.

Ya so ya yi wasa, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ya jefa kifin. Ta yi ta shawagi a gefe ɗaya, farin cikinta a sama, bakinta na buɗewa yana rufewa. A haka iska ta ja ta nesa.

Hoyt ya goge hannu a wando. "To, matar Yaya, zuba shi mana. Iska ta fara tashi."

Ta dubi akwatin. In ta buɗe, Delmas zai kwana a nan har abada, jiragen su Hoyt na ruri a kansa, ana tofa masa taba.

"Mayar da ni gida."

"Ba nan ba ne wurin?"

"Nan ne. Tayar da injin."

A hanya ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce zai goge alamar a gabanta. Amma ta riga ta ga Wendell ya juya baya yana latsa wayarsa.

Ranar Asabar ta hau tsohuwar motar Delmas ta tsaya a kan tudun da ke kallon dam, akwatin a kujerar gefe. Daga nan ana ganin busasshen itacen. Jirage sun yi cincirindo a kan tsohuwar hanyar, har suna gogar juna, na Hoyt a tsakiya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora hannu a kan akwatin.

"Ka yi haƙuri, Delmas. Ni na kai su. Sai ka ci gaba da zama da ni."

Ta tayar da mota ta juya gida.