Ruwan Shuka Ya Sauka Ba Na Gari

Yayana Nababa ne ya kawo shawarar tafiyar. Ya ce fuskata ta yi duhu, ina yi wa kowa tsawa, har Inna ta fara shakkar aikena. Bai yi ƙarya ba. Tun da na gama sakandare ban sami abin yi ba sai noma, ga shi a shekarar man fetur ya tashi, taki ya bi shi, komai ya bi su.

Abu ɗaya nake da shi da zan kira nawa: gayaunar da Baba ya yanka mini kafin ya rasu, ’yar gona a bayan firamaren ƙauyenmu. Babbar gonar gandu ta gida ce, Yaya ke juya ta. Abin da ya fito daga gayauna kuwa nawa ne ni kaɗai. Na share ta, na yi ta kai mata takin awaki a ka, na ware iri. Ruwa kawai nake jira.

“Tasi’u, je ka Gezawa ka yi Babbar Sallah wajen Gwaggo Hure,” in ji shi. “Ka huta. Ruwan shuka da saura.”

Har tashar Tsanyawa ya raka ni, yana koya mini tafiya.

“Ka zauna gefen taga. Kada ka tanka wa direba, ko buhu ya ɗora maka a cinya. In ranka ya ɓaci, ja numfashi ka yi salati. Kuma ka daina kallon sama kamar kai ka aiki gajimare.”

Na yi dariya. Na daɗe ban yi ba.

Abin haushi, shawarar ta yi aiki. Na isa Gezawa ban yi faɗa da kowa ba. Gwaggo ta yi ta ɗura mini fura, ina barcin rana a gindin darbejiya, ciwon kan da ya addabe ni ya tafi. Washegarin Sallah hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na kira Yaya.

“Yayyafi aka yi, ko ƙasa bai jiƙa ba,” ya ce. “Zauna ka ci naman Gwaggo.”

Na zauna. Da na sake kira, amsar ba ta canza ba.

Ranar komawa na hau ƙaramar bas daga Kano. An cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Na sami taga. Kusa da ni wani dattijo ne mai surutu, ya rungume sababbin fartanyu ɗaure da igiya. Malam Khalilu na ji direba yana kiransa.

“Samari, janye gwiwarka,” ya ce mini, “kada fartanyar nan ta yi maka aski a inda ba gashi.”

Mota ta ɗauki dariya. Ni ma na murmusa.

Muna wuce Bichi murmushin ya ɗauke. Gonaki hagu da dama gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Na ce wa kaina ruwa yakan zaɓi gari, wataƙila ya tsallake namu. Na ja numfashi.

“Malam Khalilu, da wannan furfurar za ka yi noma?” direba ya tsokane shi.

“Kai dai kalli hanya, kada ka kai mu lahira da ƙoshin nama. Bana na sami aron gona. Ruwan washegarin Sallah yana ɗaukewa ’ya’yana suka shuke ta.”

“A ina ka samu, a wannan matsin?” wata mata ta tambaya daga baya.

“Bayan firamaren ƙauyen su Nababa. Hajiya, gona a share, da takinta, kamar an yi mini tanadi. Ta ƙaninsa ce. Ya ce yaron ɗan boko ne, ya koma birni, ba ya son riƙe fartanya. Rago na ba shi ya yi layya, muka rabu lafiya.”

“Yaran yanzu ke nan,” in ji matar.

Na yi salati. Na sake yi.

“Baba, ƙanin ya sani?” na tambaye shi.

“Ina ruwana, samari? Babban gida ne ya ba ni, a gaban mutane.”

A wajenmu, wanda irinsa ya shiga ƙasa, gonar tasa ce har girbi. Ba a tone shuka. Ko gaban mai unguwa ka je, haƙuri zai ba ka ya ce sai baɗi, kuma in ka taɓa tsiro ɗaya, kai ne za ka zama abin nuni a gari. Yaya ya san haka. Ba hutuna yake so ba. So yake ruwa ɗaya ya sauka ba na nan.

Da na sauka ban nufi gida ba, gayauna na fara zuwa. Gero ya fito da kyau, ya fi na maƙwabta ƙarfi. Takina ne yake ci.

Na tarar da Yaya a zaure yana gyara ƙotar garma.

“A’a, mutanen Gezawa. Ka ga har kumatu ka yi.”

“Na biyo ta gayauna.”

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da bugun ƙotar, a hankali.

“Gidan nan bai taɓa tsallake layya ba tun Baba na da rai,” ya ce. “So kake a ce daga hannuna aka fara?”

“Da ka tambaye ni, Yaya.”

“Da ka yarda?”

“A’a.”

“To ka gani. Baɗi za ta dawo maka. Bana ka sa ƙarfinka a gandu, ai duk tukunya ɗaya ce.”

Na shiga ciki na gaida Inna. Ta amsa tana kallon tsintsiyar hannunta. A nan na gane ita ma ta sani. Ta turo mini kwanon soyayyen nama, na bar shi inda ta ajiye.

Ban ɗaga wa kowa murya ba, ranar ko bayanta. Gidan ma ya fi son tsawata da wannan shirun.

Ranar da aka fara noman firi, wato noman farko bayan tsiro, Yaya ya leƙo ɗakina da sassafe ya ce mu tafi gandu. Na ɗauki fartanyata na bi bayansa. Da muka kai mararraba ya yi dama, ni na yi hagu. Ya kira sunana. Ban waiga ba.

Malam Khalilu yana bakin gayauna da ’ya’yansa. Ya gane ni.

“Samarin mota. Lafiya?”

“Ƙwadago nake nema, Baba.”

“Ka iya noma kuwa? Ɗan gidan wa ne kai?”

“Ƙanin Nababa ne.”

Ya dube ni, ya dubi gonar. Na wuce shi na kama layin farko, na sunkuya.